Wuri Ɗaya a Jirgin Tsohon Masunci

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da iyali baki ɗaya.

Ƙungiyar yaranmu na shirin kai ƙanana yawon kwalekwale a kogi, wajen Maradun. Wuri ɗaya ya rage a jirgin tsohon masunci, wanda ya fi kowa sanin ruwa. Na ba ɗanka Bello, na bar ɗana Aminu ga jirgin sabon matuƙi.

Aminu ya ce, "Inna, ni ne fa ban iya iyo ba."

Na tambayi zuciyata: kara na yi, ko tsoron bakin mutane? Na koma na sauya su. Bello ya iya ruwa. Ka yafe mini.

A sa su a addu'a. A gaida Hajiya.

Ƙanwarka,
Rabi