Ranar da Jirgi Ya Tsaya wa Mari

Litinin, 6 ga Oktoba

Na fito da rigar Mari, fatalwar da nake kwaikwayo duk shekara, daga akwati. Asu ya ɗan taɓa bakin hannu, ba komai, fatalwa ai ba amarya ba ce. Na wanke ta na shanya a bayan gida, tumakin maƙwabta suka jeru suna kallo.

Gwiwa dai tana nan da halinta.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Taron masu aikin sa-kai a ɗakin shayi na tasha. An raba aikin jirgin ƙasan Halowin, bikin fatalwa na ƙarshen Oktoba: masu fafe kabewa, masu rataya yanar gizo-gizo a taragu, masu shiga kayan mayu. Da aka zo kan Mari sai Glenys ta gyara tabarau. Tun muna firamare na san wannan gyaran tabarau, ba ya zuwa da alheri. Ga shi yanzu ita ce shugabar kwamiti.

Wai sun yi shawarar a kafa mutum-mutumi a tashar Pant, da fitilar batir a hannu. Dalili, bara na zame a kan dakalin tashar, na kwanta cikin ruwa har jirgi ya dawo.

Na ce, "Glenys, in mutum-mutumi kuke nema, ke ki je ki tsaya mana."

Aka yi dariya, har da ita. Ta ce, "Nesta, bakinki ne kawai bai tsufa ba. Bana ki yi. Amma in wani abu ya sake faruwa, shi ke nan, kar ki zo min da magana."

Na yarda. Wurina ne tun ina da baƙin gashi, kuma ba zan bar wa ɗan tsana shi ba.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Bayan coci na tarar da wata baƙuwa daga Liverpool a shago tana tambayar labarin Mari. Mai shago ya ba ta shi a karkace, har da wai tana jan yara cikin kogi. Sai da na sa baki.

Yadda kakata ta ba ni shi ne, Mari matar wani mai fasa dutse ce. Kullum da magariba takan tsaya a Pant da fitila, jirgin ma'aikata ya sauke mata mijinta. Ranar da dutse ya rufto masa, direba ya kasa haɗa ido da ita, ya wuce bai tsaya ba. Tun daga nan take jira. Shi ya sa jirgin Halowin ba ya tsayawa a Pant, sai dai ya rage gudu, ya busa usur, ya wuce. Tsofaffi sun ce duk ranar da jirgi ya tsaya mata za ta shiga, ba kuma za a sake ganinta ba.

Ba ta cin kowa, baiwar Allah. Jira kawai take yi.

Laraba, 15 ga Oktoba

Na sauya wa fitila lagwani, na goge ƙwan, na kunna ta a taga da magariba don gwaji. To, gaskiya kullum ma ina kunnawa tun rasuwar mijina Emrys, daidai lokacin da yakan dawo daga rumfar injin. Ba wani abu ba ne. Kusurwar nan ce ke da duhu.

Asabar, 18 ga Oktoba

Idwal ya kawo min itace, ban aike shi ba. Shi ne ke zuba wa Emrys kwal a injin shekara da shekaru, yanzu shi ne direba. Kansa ya yi fari fat amma har yau "uwargida" yake ce min, kuma ba ya zama sai na ce ya zauna.

Na yanka masa burodin zabibi, kafin in juya ya tashi da rabi.

Na tsokane shi a kan usur ɗinsa. Emrys in ya zo Pant gajeru biyu yake busa min da dogo ɗaya, duk jirgin ba mai sanin gaisuwa ce sai ni. Idwal kuwa guda ɗaya tak, kamar mai korar tunkiya daga kan layi. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Wancan na maigida ne, uwargida. Ba na taɓa shi."

Na ji daɗin maganar. Na kuma ji wani iri.

Laraba, 22 ga Oktoba

Ruwa tun safe. Na yi miyar rago da dankali, na ci sau biyu, ba wanda ya hana ni.

Asabar, 25 ga Oktoba

Tafiyar farko, kuma ta yi kyau. Na bi ta hanyar gona kafin rana ta faɗi, na shafa gari a fuska, na tsaya wurina. Sai ga hayaƙi daga bayan itatuwa, ga kabewa suna ci da wuta a kowace taga. Na ɗaga fitila a hankali, ban ƙifta ido ba. Yara suka ɗauki ihu, wani babban mutum ma na ga ya ja da baya daga taga.

Wannan ɗan lokacin nake so a duk shekara. Ƙamshin kwal, ƙasa tana rawa a ƙarƙashin ƙafa, sai in ji kamar zan ga hular Emrys a kan injin. Na dawo gida da sanyi har ƙashi da farin ciki.

Talata, 28 ga Oktoba

Glenys ta aiko min da dogon wandon ulu in sa a ƙarƙashin riga, wai kar fatalwa ta mutu. Ya yi min daidai, amma ba zan gaya mata ba.

Na hango su ita da Idwal a bakin rumfar injin suna ƙus-ƙus. Suna ganina suka koma zancen yanayi.

Juma'a, 31 ga Oktoba

Iska tun asuba. Tafiyar ƙarshe yau. In na wuce ta lafiya, Glenys ta nemi inda za ta kai mutum-mutuminta.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Ban ma san ta inda zan fara ba.

Ina tsaye a Pant jiya, ruwa yana dukana ta gefe, sai iska ta ɗaga ƙwan fitila ta kashe ta. Ashana duk ta jiƙe. Ga jirgi na jin sa yana tahowa. Na ce to, in tsaya haka, farar rigar ma ta isa.

Ya rage gudu. Ya ƙara ragewa. Sai ƙarar birki, tururi ya lulluɓe ni. Jirgi ya tsaya a Pant, a daren Halowin, abin da ko kakata ba ta taɓa gani ba.

Ashe ƙus-ƙus ɗin da suke yi ke nan: in Idwal bai ga fitila ba, ya tsaya, wataƙila na sake faɗuwa.

Fuskoki suka cika tagogin taragu. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san wurina ya tafi. Idwal ya leƙo daga kan injin, fuska duk baƙin kwal, yana haki kamar shi ya jawo jirgin. Ya gan ni a tsaye lafiya lau. Ya kamata ya wuce, amma bai wuce ba.

Na ce masa ƙasa-ƙasa, "Kai, ka tafi mana. Ka ɓata min aiki."

Ya miƙo hannu ya ce, "Nesta, shigo. Jiran ya isa haka."

Bai taɓa kiran sunana ba. Ban san lokacin da na kama hannun ba, gwiwar ma ba ta yi gardama ba. Ina taka matakalar sai wata yarinya ta ƙwala, "Mari ta shiga jirgi!" Jirgin duka ya kaure da tafi.

Ya buɗe bakin murhun injin don in sha ɗumi. Ni da na yi rabin rayuwata ina kallon jirgin nan yana wucewa, ban taɓa sanin haka kwarinmu yake daga sama ba, fitilun gidaje har ƙasa, har da tagata da na bari a duhu. Garin fuskata ya zama kunu. Ruwan sama ne, galibi.

Lahadi, 2 ga Nuwamba

Glenys ta tare ni a ƙofar coci. Na riga ta, na ce, "Na sani, wani abu ya faru. Gobe zan kawo miki rigar."

Ta gyara tabarau. Ta ce waya ba ta huta ba tun jiya, kowa tambaya yake ko baɗi ma Mari za ta shiga jirgi. Kwamiti ya ce haka za a riƙa yi a tafiyar ƙarshe. "Mutum-mutumi kuwa ba ya hawa matakala, don haka kin ci, fitinanniya."

Na ce ai tsofaffi sun ce in ta shiga ba a sake ganinta. Ta ce, "Mu ne tsofaffin yanzu."

Rigar tana nan a wurina.

Talata, 4 ga Nuwamba

Idwal ya zo gyara ƙwan fitila. Aikin ɗan lokaci ne, amma ya kai har bayan magariba, ya cinye sauran burodin. Wannan karon ya zauna ban ce masa ba. Wai yana neman busar da zai riƙa yi a Pant, tasa ta kansa. Na ce ya dai nemo mai daɗin ji, ba ta korar tumaki ba.

Sai da na raka shi ƙofa na ga fitilar a kan tebur, ban kai ta taga ba, ban kunna ba. Mantuwa ce kawai.

Ya ce zai dawo Alhamis. Sai na sayo zabibi.