Sifirin Baba Ilu

Wudil, daren Talata, 1956

Yau ma ajin yaƙi da jahilci ya gagare ni. Na rubuta 305 a allo, na ce a rarraba lambobin ɗaya-ɗaya. Baba Ilu ya ce uku da biyar, ya tsallake sifiri kamar jiya.

Sai na jera ƙwarya uku. Na zuba tsakuwa uku a ta fari, biyar a ta ƙarshe, na bar ta tsakiya wayam. Ya miƙa hannu ya kife ta gefe.

"Malam, a gidanmu ba a ajiye wa mutum ƙwarya babu komai ciki. Kai da bakinka ka ce sifiri babu ce."

Aka yi dariya, surukinsa da ke cikin ajin ya sunkuyar da kai. Jibi jarrabawa. Baba Ilu ya rantse in ya faɗi a gaban surukin nan ba zai dawo ba. Mutanen ƙauyensu Ɗankaza kuwa bayansa za su bi, a rufe ajin.

Na yi shekara da shekaru a maɗaba'a ina jera sifiri da hannuna, ban taɓa tambayar dalilinsa ba. Ga ƙwaryar nan gabana. Ban san abin da zan ce masa gobe ba.