Layin da Na Tsallake a Takardar Masaƙa

Duwala, 9 ga Mayu

Adda Dudu,

Ina gaishe ki da kyau. Ya jikin Inna, ya yara, ya sanyin Ngaundere? Mu lafiya lau, maigidan ma yana gaisuwa.

Masaƙar atamfar ta ɗauke mu koyon aiki na wata shida, mu tara, har da wata kurma da aka samo wa tafinta. Na zaci irin ofishin cikin littattafaina ne, mai labule da furanni. Ɗakin rini aka kai ni.

Ranar farko an ba mu takarda, an ce mai juna biyu ta rubuta, don a nisanta ta da sinadarai. Magatakardan sa'an Baba ne, yana tsaye a kaina. Adda, cikin fari ne gare ni, kin san mu da kunya. Na tsallake layin.

Wata biyu ke nan ina shaƙar warin. Jiya shugabarmu, Madam Ekambi, ta ce, "Ke 'yar Arewa, wanki ne ya matse rigar nan, ko miyar ndole ce ta karɓe ki?" Na yi dariya kawai.

Kwanan nan motsin cikin ya ragu. Wataƙila ba komai. Ina kuma tsoron idan aka gane na ɓoye, a hana ni takardar shaida.

Ko a waya na kasa faɗa miki. Ga lambar Madam a bayan wasiƙar nan, don Allah ki kira ta ki faɗa mata. Sau uku ina zuwa ƙofarta, in gaishe ta in juyo.

Kada Inna ta ji tukuna. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki,
Astajam