Takardar da Aka Saya Sau Biyu

Zuwa ga Baba,

Gaisuwa mai yawa gare ka da Mama. Ya idon? Allah ya ƙara sauƙi.

Baba, ba zan ɓoye maka ba, ƙarshen watan nan zan mayar wa mai gida makullin shago. Injin buga takardun ma na samu mai saye. Aiki ana yi, har tsayuwa ta kumbura min ƙafa, amma lissafi kullum faɗuwa yake nuna min, bashin katin banki kuwa sai hauhawa yake yi duk da ina biya. Na gaji da zuba ruwa a kwando.

Ba sakaci na yi ba. Yadda ka koya min nake yi, kowane kuɗi layi biyu, inda ya fito da inda ya tafi. A kwamfuta nake rubutawa, rubutu zalla, ba jadawali ba ado. Ga fayil ɗin nan, don kada ka ce ban gwada ba. Don Allah kada ka wahalar da idonka a kai.

Ka sa ni a addu'a.
'Yarka, Auta

Auta,

Allah ya yi miki albarka. Muna lafiya. Ni ke faɗa, uwarki ke rubutawa, in kin ga kuskure kin san mai shi.

Ido kika ce kada in wahalar, ba ki ambaci kunne ba. Da yake rubutun zalla ne, wayar nan ta karanta min shi layi-layi da muryarta ta mai mura. Duk shekarun da na yi ina akawu ban taɓa sauraron lissafi ba sai yanzu.

Na ji kin sayi takarda da tawada bashi da katin banki, kin sa a Kashewa, ɗaya layin a Bashin Kati. Madalla. Da wata ya ƙare kika biya banki, sai na sake jin Kashewa. Kai! Saura kaɗan in yar da wayar. Auta, takarda ɗaya sau nawa ake sayenta? Ranar biya ba kashewa kika yi ba, bashi kika sauke. Kuɗin ya fita daga Asusu, ya shiga Bashin Kati, shi ke nan. Kuɗin ruwan da banki ya ɗora ne kawai sabuwar kashewa. Shi ya sa bashin da kika riga kika biya yake nan zaune a fayil ɗinki yana ba ki tsoro.

Ki gyara, ki gwada da takardar da banki ke aiko miki. Kada ki ba kowa makulli tukuna.

Mahaifinki

Auta, ni ce Mama, bai san na ƙara wannan ba. Tun da likita ya ce idon ba zai dawo ba, ko ƙofar gida bai leƙa ba, rediyo ma ya daina kunnawa. Ranar da fayil ɗinki ya zo, wuni ya yi yana faɗa da waya, ya cinye abincinsa tas. Washegari ya ce a kira masa mai aski.

Babana,

Ina gaishe ku da kyau. Takardun bankin suna nan a aljihun tebur, rabinsu ko buɗewa ban yi ba don fargaba. Na zazzage su, na bi wata-wata ina gyarawa. Da na kai layin ƙarshe, lissafina da na banki suka zo daidai cif. Baba, sai da na yi kuka, mai kawo min takarda yana tsaye yana ta ba ni haƙuri, bai san na murna ba ne.

Ban zama attajira ba, kada Mama ta fara zaɓen labule. Ribar 'yar kaɗan ce, kuma akwai ragowar bashi na gaske da zan biya a hankali. Amma shago ya tsaya da ƙafarsa. Mai sayen inji ya yi fushi, na ba shi haƙuri.

Saura abu ɗaya. Na gane ni mai buga takardu ce, ba akawu ba. Ina neman wanda zai riƙa bin lissafina duk wata. Albashin ba yawa. Ko ka san wani?

Taka, Auta

Auta,

Muna amsawa. Na san wani, kuma ya karɓi aikin. Sai dai ya ce ba ya yi wa shago lissafi daga nesa. Ranar Asabar zai zo, matarsa za ta riƙo hannunsa.

Ki kwashe kwalayen da ke kan hanya, sabon akawunki ba ya gani.

Allah ya yi albarka.
Mahaifinki