Ɗakin da Yaya Salim Ya Gina a Gonar Tumatir

Kano, Janairu 2006

Yaya Salim,

Gaisuwa mai yawa. Ya Iya da ƙafarta, ya aikin rani? Lukmanu direba ya tsayar da ni a bakin asibiti, yana ta yi mini barka, wai ka tuge tumatir a gefen gonarka ta bakin titi kana jera bulo, ɗakin hoton Dakta Aziza. Na yi dariya, sai na ga shi bai yi ba.

Yaya, bari in yi maka bayani. Mu masu koyon aikin likitan hoton cikin jiki an sa mu wani kwas na shugabanci da kasuwanci, don kada mu fito ba mu iya riƙe ma'aikata ba. Aka ce kowa ya tsara wurin hoto a takarda kamar gaske. Shi ya sa da Sallah na bi gidaje ina tambayar mata ko za su zo in akwai wurin hoton ciki a Kura, na kuma sa ka auna mini fili. Aikin makaranta ne, maki ake ba mu. Don Allah ka sallami magina.

Ƙanwarka,
Aziza

Kura

Aziza,

Bayan gaisuwa, Iya ta ji sauƙi. Na karanta takardarki a bakin kanal ɗin ban ruwa, na sake karantawa. Maki? Kin zauna a tabarmar mutane, kin sha ruwansu, kin tambaye su sau nawa suka yi ɓari, suka faɗa miki abin da ba sa faɗa wa mazansu. Kin girma a garin nan, kin san ba a yi wa mutum irin wannan tambaya sai da niyya. Mai unguwa ya sanar a masallaci. Ƙungiyarmu ta manoman rani ta ce ita za ta sayo na'urar hoton in an kwashe shinkafa. Ƙasar da aka zuba wa siminti kuwa ba ta ƙara yin tumatir, ginin ya kai taga.

Ki gaida masu ba da maki.
Salim

Kano, Fabrairu

Yaya,

Ina gaisuwa. Takardarka ta hana ni cin abinci. Akwai abin da ban faɗa muku ba, ina jira ya tabbata. An ba ni gurbin ƙaro karatu a waje, a kan hoton ƙwaƙwalwa, da zarar na gama baɗi. Abin da nake so ke nan tun da na shiga wannan layi. Ban taɓa sha'awar riƙe wuri ba, ni ko faɗa da mai shara ba na iyawa.

Na je wurin malamin kwas ɗin don ya nuna mini mafita. Mutumin nan ya miƙe ya yi mini tafi. Wai shekara da shekaru yana koyarwa, tsarin kowa a durowa yake ƙarewa, nawa ne kawai ya zama bulo. Yanzu da sunana yake buɗe aji, har yana so ya kawo ɗalibai su ga ginin. Na shiga neman mai ce mini ki tafi abinki, na fito da sabon mai tsaro. Wallahi ji nake kamar an rufe ni ta waje.

In ka ce wa mutane an ɗaga, ba zai yiwu ba?

Aziza

Kura

Aziza,

Muna lafiya. Ba zan ce an ɗaga ba, don ba ni na yi musu tambaya ba. Ban riƙe ki ba, ki tafi karatunki, ɗaki in zuba albasa. Amma ki zo ki bi gidajen da kika bi, ki faɗa da bakinki.

Ki fara da Joanna, matar Hananiya, wanda ke yi mini ban ruwa. Cikinta na baya ya zo a gicciye, ba wanda ya sani, yaron ya rasu a mota a hanyar asibitin Kano, kafin a kai Kumbotso. Jiya ta kawo wa magina kunu, ba wanda ya sa ta. Ta tambaye ni yaushe za a buɗe, ta ce ita da mijinta sun yanke ba za su sake neman haihuwa ba sai kin dawo. Na ce mata ban sani ba.

An buga kwano ranar Laraba.
Salim

Kano, Maris

Yaya,

Ina gaida Iya. Na rubuta wa mutanen waje na ba su haƙuri, an ba wani mutum gurbin nawa. Kada ka yi mini godiya, ba zan iya ji ba yanzu.

Lukmanu ya ce wai ka riga ka yi manyan tagogi don in sha iska. Ka sa a toshe su duka. A duhu ake aikin namu.

Ƙanwarka,
Aziza