Sulusin Zuwairatu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Ni Uwani, ɗiyar Malam Sada na Batsari, ungozoma kuma mai jinya a ƙarƙashin hukumar En'e, ni na rubuta wannan da hannuna a watan Zulƙida na shekara ta 1369, gero yana fitar da kai. Hankalina ƙalau yake, na san yau, na san jiya, kuma babu wanda ya tilasta ni. Jikin ne ya ƙi. Ƙafafuna sun kumbura, numfashi ba ya kai ni bakin zaure. Malam Salmanu, malamin asibitin da muka yi aiki a ƙarƙashinsa, ya ɗora abin awo a ƙirjina ya daɗe bai ce komai ba. Na sha ganin wannan shirun nasa a kan wasu, saboda haka ban wahalar da shi da tambaya ba.

Da ku uku nake magana. Kai babba, da ban taɓa kiran sunanka ba tun da na haife ka, yau takarda ta tilasta ni in rubuta Muntaka. Sai ke Hussaina, sai kai auta, Armaya'u.

1. Na shaida babu abin bauta wa da gaskiya sai Allah, kuma Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, manzonsa ne. A kan haka na rayu, a kan haka nake fatan cikawa. Babu mai bi na bashi, ni ma ba na bin kowa. A rufe ni kusa da mahaifinku in akwai wuri, in babu, ƙasa duk ta Allah ce.

2. Abin da na bari ba shi da yawa, kada ya ruɗe ku. Gayaunata da ke hanyar Wagini, awakin da ke turke, saniyar da Manu makiyayi yake kiwata mini a dajin Ruma, tasoshi da ƙwaryar ɗaki, da ɗakin soron da na gina da gumina. Liman zai raba muku yadda Allah ya raba, ba ni da ta cewa a nan. Amma shari'a ta bar mini sulusi in bai wa wanda ba ya gado na, kuma na bayar. Sulusina na Zuwairatu ne, abokiyar aikina, kurmar da ke kwana a ɗakina yanzu. A fitar mata da shi daga ɗakin soron da awakin. Na san a ranku kun riga kun yi mata shirin tafiya ranar da aka yi sadakar bakwai ɗina. Ku zauna ku ji dalilina, don ban taɓa gaya muku abin da muka gani ba, ku kuma ba ku tambaya ba.

3. Da bazarar da ta wuce, sa'ad da sanƙarau ya shigo ƙasar nan, an kafa bukkokin zana a bayan garin Safana, aka ce duk wanda wuyansa ya sanƙare a kai shi can. Mu uku mata aka tura: ni, da Bara'atu, da Zuwairatu. Na je da girman kai, ba zan ɓoye ba. Na ce wane ciwo ne ban gani ba a shekarun da na yi ina wannan aiki? Ashe ban ga komai ba.

A kan jakai ake kawo su, a kan amuku na ɗaukar marasa lafiya, wasu a bayan iyayensu. Mutum ya yi sallar asuba da ƙafarsa, kafin azahar kansa ya ƙage baya, bai san wanda ke kansa ba. Maganin da muke da shi ƙwaya ce fara da ake kira emambi. Mu daka ta a ruwa, ɗaya ta danne kafaɗa, ɗaya ta buɗe haƙora da bayan cokali, a ɗura. Daga wannan bukka zuwa waccan, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta. Abinci a tsaye muke ci in mun tuna da shi. Akwai ranar da na tsinci kaina ina ta ɗura wa wata yarinya magani, ina lallashinta ta haɗiye, sai da Zuwairatu ta janye hannuna, don yarinyar ta daɗe da cikawa.

Malam Salmanu yana ware wa kowacenmu nata rabon ƙwaya, ya ce mu riƙa sha don kada ciwon ya kama mu. Da magani ya yi ƙaranci, ana jiran wanda za a aiko daga Katsina, kun san abin da muka yi? Kara muka yi da shi, kamar tuwo. An haife mu a gidajen da ba a kai loma baki a gaban mai jin yunwa, to ta yaya za ki jefa ƙwaya a baki alhali uwa na tsugune a gabanki, ɗanta na mimmiƙewa a cinyarta? Sai ki kwance bakin zane ki ba ta. Mun san aikin, an koya mana a Katsina cewa in mai jinya ta faɗi, bukka goma ta faɗi tare da ita. Mun sani sarai, kunya ta fi ƙarfinmu. Har yau in na tuna sai in riƙe baki.

Bara'atu ce ta fara faɗuwa. Yarinya ce ƙaƙƙarfa, mai dariya kamar ana juye gyaɗa a tasa, ita ke ɗaukar tulu biyu in mu mun gaza. Da safe ta ce kanta na sara, ta ɗaure shi da kallabi ta ci gaba da aiki. Ba ta ga wata Juma'ar ba. Aka aika gidansu. Danginta suka zo suka tsaya can nesa gindin tsamiya, ko mace ɗaya ba ta matso ta kama mana wanka ba. Wadda ta wanke 'yan'uwan mutane ba adadi, ni da Zuwairatu kaɗai muka juya ta. A ranar ne wani abu ya karye a ƙirjina, kuma bai sake haɗuwa ba.

Sai Zuwairatu. Allah ya sa sabon magani ya iso tana da sauran numfashi, muka yi ta ɗura mata. Ta tashi, amma ta tashi cikin wata duniya. Ina yi mata barka, ina kuka, tana kallon bakina tana murmushi, ba ta ji ko kalma ɗaya. Ciwon ya tafi da kunnuwanta duka biyu. Mijinta ya aiko mata da saki kafin ta iya tsayuwa.

Ni ciwon bai taɓa ni ba, shi ya sa kuka ɗauka na dawo lafiya. Kun ga ba na barci, kun ga yadda nake zabura in yaro ya yi ƙara a makwabta. Ku dubi Malam Salmanu, mutumin da a da ba ya rufe baki, yanzu sai ya wuni bai ce uffan ba, gemunsa ya yi fari a bazara ɗaya. Annoba ta wuce, mutane sun koma gona, mu ta bar mu a inda ta same mu.

4. Akwai adudu a ƙarƙashin gadona. Kada ku ɗauka wata dukiya ce. Kun san al'ada, wadda ta wanke mamaciya ita ake ba zanenta. To, mutane ba su yarda sun taɓa gawar 'yan'uwansu ba, amma ba su manta da al'ada ba. A bakin sanda suke miƙo mana zanen, ko su ajiye a ƙasa su ja da baya. Na kasa ɗaurawa, na kasa ƙonawa, don na san fuskar mai kowane ɗaya. Hussaina, ki tafasa su da sabulu, ki shanya a rana, babu sauran ciwo a jikinsu. A bayar sadaka, ladan ya je wa masu su. Na Bara'atu shi ne baƙin saƙi mai bakin ja, wannan a kai wa mahaifiyarta ko ba ta so.

5. Yanzu maganar gida, kuma a nan ne mamakina ya fi yawa. Na zaci abin da na gani a Safana ya ƙarar mini da mamaki har abada. Sai na dawo Batsari na ji ana ce mana masu hannun gawa. Matan da na yanke wa 'ya'yansu cibiya suna janye zane in na gitta su a rijiya. Wata da Zuwairatu ta ba ɗanta rabon ƙwayarta, ɗan yana nan yana kora awaki, ita ce ta hana a sayi ƙuli-ƙulin da Zuwairatu ta gwada yi. Na ce to, waɗannan mutanen gari ne, tsoro ke ɗawainiya da su.

Ban san a gidana za a ware mini kwano ba. Na shigo da gajiyata, Zuwairatu na biye da ni don ba ta da inda za ta, na tarar an ajiye mana kwano ɗaya da moɗa ɗaya a bakin ƙofar ɗakina, nawa da na Zuwairatu, an ɗaura wa moɗar tsumma don kada ta ɓace cikin sauran. Muntaka, kana tsakar gida a lokacin, ka sunkuyar da kai kana gyaran igiyar guga da babu abin da ya same ta. Da Lami matarka ta haihu, aka tsallake ni aka ɗauko wata ungozoma daga wata unguwa. Angona, jikan nan nawa mai sunan mahaifinku, har yau daga nesa nake ganinsa. Ban san nauyinsa ba, ni da na san nauyin rabin yaran garin nan.

Na ji zafi, kuma na yi fushi, har na daina amsa gaisuwar Lami. Wannan gabar na kashe ta yau. Yarinya ce mai ɗanyen goyo, tsoro ne ya sa ta, kuma ba ita ta fara ba. Na yafe mata, na yafe muku duka, duniya da lahira. Ke Hussaina, ki daina yi mata habaici a kaina, na ji ki. Amma yafiyata ba ta wanke ku daga haƙƙin Zuwairatu ba, don ba nawa ba ne balle in yafe. Ita ba ta jin abin da ake faɗa, amma idonta ras yake. Ta ga tsumman nan, ta kuma san abin da yake nufi.

6. Idan na cika, Zuwairatu ce za ta wanke ni. Ta san aikin fiye da kowa a ƙasar nan, kuma mun yi wa juna wannan alkawari a kan gawar Bara'atu, lokacin tana ji. Hussaina ta zuba mata ruwa, Lami ta riƙe likkafani. Zanen da ke jikina a ba ta hannu da hannu.

7. Armaya'u, kai ne mai taushin zuciya, kuma kai ne mai saurin bin na gaba. Na ɗora maka awakinta da itacen girkinta. In damina ta yi wa ɗakin illa, kai da yayanka ku yaɓe shi. Duk wanda ya ce muku gidan da kurma mai hannun gawa take ba a neman aure a cikinsa, ku bar shi ya tafi, Allah ya raba ku da sharri ne. Ba ta da uwa, ba ta da ɗa, gidan miji ya rufe. In kuka fitar da ita, babu inda za ta nufa sai bakin kasuwa, kuma ko jaki ya taho a guje ta bayanta ba za ta ji ba.

Allah ya yi muku albarka. Allah ya ba ku masu yi muku biyayya, ya tsare ku daga ganin irin abin da na gani. Ku riƙe salla, ku riƙe zumunci, kada rabon gayauna ya raba ku, kada ku bari a ji kanku a waje. Babba ya ja, ƙanana su bi, gidan mahaifinku ya zauna gida ɗaya, tukunya ɗaya, kuma da Zuwairatu nake ƙidaya ku.

Abu ɗaya ya rage, shi ya fi tsaya mini a rai. Ba ta iya karatu ba, wannan takarda ba za ta gaya mata komai ba. Ranar da zan tafi gida zai cika da salati da kuka, ita ba za ta ji ba. Mutane za su yi ta yi muku ta'aziyya, ita babu kalmar da za ta isa gare ta. Ba za ku iya ce mata ta yi haƙuri ba, ba za ku iya ce mata ɗakin nata ne ba. Hanya ɗaya ce ta rage da ake magana da ita, ni kaɗai nake bin ta tun da muka dawo. Muntaka, kai ne babba, kai za ka shige gaba ka kai mata iyalinka. Ku zauna a gabanta a tabarma ɗaya. Hussaina ta kama hannunta, Lami ta ɗora mata angona a cinya, kada kowa ya yi gaggawar ɗauke shi. Za ta gane.

Wassalam. Uwarku, Uwani.