Daƙiƙa Goma Sha Biyar da Suka Hana Ni Sakat

Assalamu alaikum, Anti. Ina jin na girme ki, amma tunda Anti kowa ke ce miki a wannan fili, ni ma na bi sahu. Ki yi wa Allah ki ba ni shawara kafin Asabar mai zuwa. Ina cikin wani farin ciki da rabona da irinsa tun ranar da aka miƙo mini jikata ta fari, sai dai akwai ɗan abin da ya hana ni sakat. Ki yi haƙuri idan na ja zance. Ban iya ɗauko labari daga tsakiya ba, kuma za ki ga cewa wannan ɗin ma shi ne tushen matsalar.

Shekarata hamsin da biyu. Ban yi boko mai zurfi ba, karatuna na allo ne da littattafai, kuma har yau Asabar da Lahadi ina biya wa matan unguwa karatu a gidanmu. Ranakun aiki kuwa ni ce mai riƙon makulli a wani ofis da ke saman shagon masu sayar da fenti. Babban ɗaki ne mai tebura goma sha huɗu, inda matasa masu ƙera manhajojin waya ke zama suna aikinsu. Ni nake buɗewa, in karɓi baƙi, in yi ta faɗan a daina ajiye kofin shayi kusa da wayoyin wuta.

Shekara uku ina ganinsu sun ƙura wa allon kwamfuta ido, ban san me suke saƙawa ba. Sai wata rana ɗaya daga cikinsu ya miƙo mini waya ya ce in gwada abin da ya haɗa. Na laluba, na laluba, na kasa gano inda ake shiga. Maimakon ya ji haushi, sai ya kira sauran suka kewaye ni suna kallon babban yatsana kamar masu kallon ƙwallo. Tun daga ranar sunana ya koma Mama Gwaji. Ba a fitar da komai sai an kawo mini, wai idan Mama ta gane, kowa zai gane. Ban san ko yabo ba ne ko tsiya, na dai karɓa.

Ƙanwata, autarmu, ita ke tace bidiyo a wani shagon ɗaukar hoto. Da na ba ta labari sai ta yi tsalle ta ce wannan ai tasha ce guda. Mu buɗe tashar bidiyo a intanet, ni in zauna da masu ƙera manhaja, in gwada abinsu, in yi musu irin tambayoyin da mutane ke jin kunyar yi: me ya sa rubutun ya yi ƙanana, me ya sa abin ke neman ranar haihuwata alhali ba gayyatarsa zan yi ba. Na ce fuskata ba za ta fito ba. Ta ce hannuwana da muryata sun isa. Maigidana, wanda direba ne da ya ajiye aiki, ya cire ƙafar tsohuwar fankarmu ya ɗaura mata maƙalin waya, ga abin ɗaukar hoto ya samu. Yanzu in zan fita sai ya ce a ba 'yar fim hanya. Mun sa wa tashar suna Ku Nuna wa Mama. Mun saki 'yar sanarwa ta minti ɗaya cewa shirin farko zai fito ranar Asabar, kuma Anti, mutum ɗari biyu da goma sha huɗu sun riga sun bi mu! Ni da ban taɓa tara fiye da mata ashirin a gabana ba. Ina cikin wanke-wanke sai in tsinci kaina ina murmushi ni kaɗai.

To, ga inda abin yake. Shirinmu na farko a kan wasu abokai biyu ne da suka haɗa manhajar tunatar da tsofaffi lokacin shan magani. Ɗaya muna ce masa Na-Taga, don ba ya yarda kowa ya zauna masa a teburin bakin taga. Baki gare shi, ga barkwanci. Ɗayan Mai Hula, shi ke zana yadda shafukan za su kasance, kuma sai ya yini bai ce uffan ba in ban da sallama. Da aka zo ɗauka ya ce shi ba zai iya magana ba, Na-Taga ya yi musu su biyun. Muka yi hira ta minti arba'in da bakwai, mai daɗi ƙwarai.

A wajen minti na goma sha biyu na tambayi Na-Taga ko sun taɓa yin kuskuren da ya tsorata su. Sai ya ba da labarin kakarsa, wadda a kanta suka fara gwaji. Maɓallin "na sha" da na "tuna mini anjima" launinsu ɗaya, kuma suna manne da juna. Tsohuwa ta sha magani, ta danna wanda ba shi ba, waya ta sake kira, ta sake sha. Allah ya tsare, jiri kawai ta yi, likita ya duba ya ce babu komai. Yana dariya ya ce, "Mai Hula ne ya zana shafin nan, shi ya kusa aika mini kaka lahira." Muka wuce zuwa wasu zantukan. Can a minti na talatin da ɗaya, ban ma tambaye shi ba, sai ya dawo kan maganar, muryarsa ta sauka. Ya ce amma fa shi ne ya duba shafin ya ce ya yi kyau a sake shi, don haka laifin nasa ne kafin na kowa. Ya ce Mai Hula ne ya ajiye komai ya je ya zauna gaban tsohuwar yini biyu yana kallon yadda take riƙe waya, sannan ya sake zana shafin gaba ɗaya.

Auta ta yi kwana uku tana aiki, ta mayar da shirin minti takwas. Wallahi ya yi kyau, har sauti ta sa mai sanyi. Amma abin da ta ɗora a farkon farko, a matsayin somin-taɓi, shi ne maganar aika kaka lahira. Maganar minti na talatin da ɗaya kuwa babu ita sam. Ta ce wurin ya yi sanyi, kuma mota ta yi ƙara a ƙasa.

Na ce mata a mayar da minti arba'in da bakwai ɗin yadda suke, har tarin da na yi. Ta riƙe kai ta ce Yaya, ko maigidanki ba zai kai ƙarshe ba. Ta ce mutum daƙiƙa goma sha biyar yake ba ki, in ba ki riƙe shi ba ya tafi, kuma ita ba ta ƙara wa Na-Taga ko harafi ɗaya ba, da bakinsa ya faɗa. Gaskiyarta, ya faɗa. Amma ni an tashe ni a kan cewa abin da ka karɓo, haka za ka miƙa shi. Malaminmu kan sa a wanke allo guda saboda wasali ɗaya. Na san maganar mutum ba ɗaya take da wancan ba, Allah ya tsare ni da haɗawa, sai dai hannuna ya saba, zuciyata ma haka. Duk inda almakashin Auta ya taɓa sai in ji kamar na ci amanar wani.

Abin da ya ƙarasa ɗaga mini hankali, jiya Mai Hula ya tsaya a teburina, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce ya gaya wa mahaifinsa ya kalli shirin ranar Asabar. Ashe dattijon ya daɗe yana cewa ɗansa wasan waya kawai yake zuwa yi, ga 'ya'yan mutane suna aikin gaske. Ya ce, "Mama, wannan karon zai gani da idonsa." Anti, abin da uban zai fara ji ke nan, cewa ɗansa ya kusa kashe tsohuwa.

Ba na son in karya wa Auta gwiwa, don ba don ita ba da babu tashar. Ba na son in ɗaga ranar, mutane suna jira, ni ma ƙafata har ƙaiƙayi take. Kuma ba na son in buɗe sabon abu da tozarta bawan Allah. Shin tsantseni ne ya yi mini yawa, kamar yadda Auta ke faɗa? Ko kuwa mace irina ba ta dace da wannan sana'a ba tun farko?

Taki,
Mai Riƙon Makulli

*

Wa alaikumus salam, Malama.

Bari in fara da tambayarki ta ƙarshe, don ita ce mai sauƙi: kin dace, har kin fi dacewa. Masu tasha sun yi yawa, amma masu tsayawa su damu da abin da uban wani zai ji a daƙiƙa goma sha biyar na farko ba su da yawa. Ina taya ki murna, kuma a gaishe da mai ƙafar fanka.

Yanzu kuma in raba muku gardamar, don kowaccenku ta riƙe rabin gaskiya.

Auta tana da gaskiya a kan tsawo. Minti arba'in da bakwai da tari da ƙarar mota ba amana ba ce, wahalar da mai kallo ce. In kika saki shirin haka, mahaifin Mai Hula zai ji zargin a minti na goma sha biyu, ya ajiye waya ransa a ɓace, ba zai taɓa kaiwa minti na talatin da ɗaya ba. Kin ga ke nan naki tsarin ma bai kuɓutar da yaron ba.

Ke kuma kina da gaskiya a kan wurin yankan. "Da bakinsa ya faɗa" ba hujja ba ce idan bakin nan ya dawo ya ƙarasa, aka ɓoye ƙarashen. Kuma wannan ilimi ne da kika fi mu sani. Ɗalibarki ba kya biya mata karatu duka a zama ɗaya, kina yanka mata daidai ƙarfinta. Amma kin san akwai wurin da ake tsayawa, akwai kuma wurin da in aka tsaya ma'ana ta juye. Kamar yadda kika ce, ba haɗa su muke yi ba, ladabin kawai za ki ɗauko. Yanka halas ne a wannan sana'a. Tsayawa inda magana za ta juye ne ba a yi. Ki faɗa wa Auta haka, za ta fi ganewa fiye da in kika ce mata kada ta taɓa komai.

Ga abin da za ki yi kafin Asabar. Ki je wurin Auta da kanki, ba a waya ba. Ki fara da yabon aikinta, don ya cancanta, sannan ki roƙi gyara ɗaya tak: labarin kaka ya koma cikin shirin, kuma maganar minti na talatin da ɗaya ta biyo shi nan take. Ko duka biyun su shiga, ko duka biyun su fita. Ƙarar mota ba ta kai mutuncin mutum ba.

Za ta ce to da me za a buɗe. Kina da abin da ya fi wancan: babban yatsanki yana yawo a kan waya yana neman ƙofa, ƙwararru sun kewaye ki sun yi tsit. Duk wanda ya taɓa jin kunyar waya zai tsaya, kuma wannan ne ainihin tasharki.

Sannan ki zaunar da abokan biyu su kalli shirin tare kafin kowa. Ki mayar da wannan ƙa'idar tasharki daga yau, za ki ga baƙi sun fi sakin jiki da ke. Ki kuma sa Na-Taga ya nemi izinin kakarsa, domin rashin lafiyarta nata ne, ba nasa ba ne da zai yi kyauta da shi. Wannan kam ke da Auta duk kun tsallake shi.

Na ƙarshe, Mai Hula ya ce ba ya iya magana, bai ce ba ya iya nunawa ba. Ke ma ai hannuwanki kawai ake gani. Ki ɗauki nasa hannuwan minti ɗaya, tsohon shafi a waya ɗaya, sabo a ɗaya, ke ki danna, ki faɗi abin da kika gani. Aikin rabin awa ne, ba zai taɓa Asabar ba. In ma ya taɓa, mutum ɗari biyu da goma sha huɗu za su iya jiran Lahadi.

Dattijon nan ya ce ɗansa wasan waya yake yi. Ki nuna masa yaron da ya zauna yini biyu a gaban tsohuwar da ba tasa ba, don kada ta sake shan magani sau biyu. Ba sai an yi masa bayani ba, uba ya san hannun ɗansa.

Allah ya sa albarka a tashar, ya ƙara haɗa kanki da Auta, ya ƙara wa kaka lafiya. In kin duba wayarki za ki ga mabiyan sun zama ɗari biyu da goma sha biyar. Ni ce.

Anti